Zuwa ga Edita: Na'urar kamun gwagwaren ilektiron, da abin da zoɓo ya ja mana a lab

Assalamu alaikum Malam Edita. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida tamu mai farin jini, don Allah ina roƙon ɗan fili, kuma tun yanzu a yi min afuwa don wasiƙar za ta ɗan ja, abin ne ya daɗe yana ci na a rai.

Ni malamin kemistiri ne, kuma wata ɗalibata ce mai digiri na biyu ta sa na zauna nake wannan rubutun. Duk wanda ya taɓa leƙa sashen kemistiri ko bayokemistiri a jami'o'inmu ya san gwajin nan na DPPH, kusan kowane ɗalibi shi yake yi, a jiƙa ganyen zogale ko sabara ko garin kuka a tace, a ɗiga a cikin ruwan sinadarin DPPH ɗin mai launin shunayya, in tsiron yana da ƙarfin kashe gubar nan da ke tsufar da jiki sai ka ga ruwan ya koɗe ya koma ruwan ɗorawa, sai a saka a na'urar auna haske a duba a kan nanomita 517 a rubuta lamba shi kenan an gama babi na huɗu. To ita wannan baiwar Allah sai ta ce zoɓo za ta yi. Zoɓo kuwa jan da ke cikinsa shi ma wajen nanomita 520 yake shan haske, kaga kenan sun haɗu a layi ɗaya, na'urar ba ta san wanne ne launin zoɓo wanne ne na DPPH ba. Akwai dabarar cire launin zoɓon a lissafi, mun yi, amma shi jan zoɓo da zarar tsamin ruwan ya ɗan motsa sai ya sauya kala, yau ta samu lamba kaza gobe ta samu wata, har rannan ta shigo ofis idonta ya yi ja kamar zoɓon nata tace Malam ko dai hannuna ne ba shi da kyau. Nace mata hannunki lafiya lau, kayan aikin ne ba nasa ba. Da akwai na'urar ESR a kusa da minti goma ya ishe mu, don ita ba ruwanta da launi, DPPH ɗin da ya rage take ƙirgawa kai tsaye.

Sai tace mene ne ESR. Wallahi Edita tambayar nan ta fi lambobin da suka ƙi daidaita ɓata min rai, ba don laifinta ba, don ni ne na koyar da ita shekara da shekaru kuma ban taɓa samun abin da zan nuna mata ba sai zane a allo.

Bari in faɗa yadda na faɗa mata. Ilektiron, ƙananan halittun nan da ke zagaye ƙwayar zarra, yawancinsu ma'aurata ne, bibbiyu suke zama, ɗaya ya kalli sama ɗaya ya kalli ƙasa, sai ƙarfin maganaɗisun da ke jikin kowannensu ya kashe na ɗan'uwansa, gida ya zauna lafiya ba ka jin kansu. Amma akan samu wanda ba shi da abokin zama, gwauro kenan. Wani tuzuru ne tun asali haka Allah ya yi shi, kamar waɗanda ke jikin ƙarfe da tagulla da manganis, wani kuma da aurensa zafi ko hasken nukiliya ko wani sinadari ya zo ya raba, irin waɗannan su ake kira radikal kuma su ne masu ta da zaune tsaye a jikin mutum da cikin mai da abinci, su ne ke sa man gyaɗa ya yi ɗan warin nan in ya kwana biyu. Na'urar ESR aikinta ɗaya ne, kamun gwagware, ita ce Nalakonsu, mutanen Kano sun gane abin da nake nufi. Za ka saka samfurinka a wani siririn bututu, ka zura shi tsakanin manyan maganaɗisu biyu, gwauron sai ya zama yana da tsayuwa iri biyu, ko ya bi maganaɗisun ko ya juya masa baya, kuma tazarar ƙarfin da ke tsakanin tsayuwar biyu tana ƙaruwa ne gwargwadon yadda ka ƙara ƙarfin maganaɗisun. Sai a haska masa maikirowef, dangin wanda ke cikin na'urar ɗumama abinci, sai dai na kicin gigahaz 2.45 ne wannan kuma wajen 9.5. Ana nan ana ƙara ƙarfin maganaɗisu sannu a hankali, da an kai wajen tesla 0.34 sai tazarar nan ta yi daidai da ƙarfin maikirowef ɗin, gwauro ya shanye shi ya wuntsila, na'ura ta ga an taɓa mata kaya ta zana layi. Kamar neman tasha ne a rediyo, illa dai a nan rediyon ne a tsaye wuri ɗaya kai kuma kana jawo tashar har ta zo ta same shi.

Inda abin yake da daɗi shi ne layin ba ya zuwa haka nan ziƙau. Ƙwayar zarrar da gwauron yake maƙwabtaka da ita tana tsaga layin gida-gida, manganis layi shida yake bayarwa, tagulla huɗu, banadiyam ɗin da ake samu a ɗanyen man fetur takwas, radikal mai naitirojin guda ɗaya kuma uku. Wanda ya saba yana kallon allon kwamfuta zai ce maka wane ne wannan, kamar yadda dattawa ke ganin zanen fuska su ce wannan Bagobiri ne wancan Babarbare tun kafin mutum ya buɗe baki. Shi DPPH ɗin da ɗalibanmu ke ta ɗigawa ma ai tsohon ɗan gida ne a wannan fannin, radikal ne da ba ya saurin mutuwa, da shi ake saita na'urar, lambarsa da ake kira g, wadda ke nuna inda layinsa yake fitowa, 2.0036 ce, ta sakakken ilektiron kuma 2.0023. Wato muna riƙe da ma'aunin a hannu amma sikelin ne babu.

Wanda ya fara gano abin nan wani Barashe ne, Yevgeny Zavoisky, a jami'ar Kazan a shekarar 1944, garin Tatar ne a bakin kogin Volga kuma Musulmi na da yawa a can. Ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu, ga sanyi ga yunwa, da kayan da ya harhaɗa da hannunsa ya ga alamar a jikin gishirin tagulla da na manganis. Ina kawo labarinsa ne da gangan, saboda na sha jin manya a wajen taro suna cewa ai masana na da da komai-ba-komai suka yi bincike, ku ma ku yi haƙuri da abin da kuke da shi. To a ji ƙarshen labarin. Tun 1941 Zavoisky da abokan aikinsa suke neman ɗan'uwan wannan abin, wato na ƙwayar zarra ita kanta wanda ake kira NMR, har ya riƙa ganin alamarsa tana zuwa tana ɓacewa, amma maganaɗisunsa ƙarfinsa bai daidaita ko'ina ba, in ya gani yau gobe ba zai iya maimaitawa ba, yaƙi kuma ya zo ya watsa aikin. Bayan yaƙi Felix Bloch da Edward Purcell a Amurka suka same shi da kayan aiki masu kyau, su aka ba kyautar Nobel a 1952, kuma daga zuriyar aikin nan ne aka samu na'urar MRI ta asibiti. Zavoisky ya samu kyautar Lenin a 1957, an sha kai sunansa gaban masu Nobel amma har ya rasu a 1976 bai samu ba. Kaifin ƙwaƙwalwa dai ba wanda ya fi shi a cikinsu, maganaɗisu ne ya kayar da shi, don haka duk wanda zai ba mu labarin haƙuri ya haɗa da wannan ɓangaren.

Su kuwa Turawan Ingila, su Brebis Bleaney a Oxford, garaɓasar da suka samu ita ce kayan rada, wato na'urar hango jirage, da yaƙi ya bari birjik, masu aiki da igiyar da tsawonta wajen santimita uku ne, shi ya sa har gobe yawancin na'urorin suke kan gigahaz tara da ɗoriya, gadon soja ne.

Ni a Jamus na fara taɓa na'urar, lokacin da na je wani ɗan gajeren zama na bincike. Ba zan manta satin farko ba. Bututun da ake amfani da shi na ma'adinin kwaz ne, tsada gare shi kuma ga saurin fashewa, ni kuma da halin gida na tattali sai na ɗauko na gilas na yau da kullum da na gani a durowa na zuba samfurina, na kunna, sai ga layi ɓaro-ɓaro a can wajen g 4.3 inda ban zata ba. Jikina har rawa yake, na riga na fara tsara sunan takardar da zan wallafa a zuciyata. Na ruga na kira matar da ke kula da na'urar, wata dattijuwa ce teknishiyan wadda ta fi shekara ashirin a ɗakin nan, ko gilashinta ba ta gyara ba ta kalli allon ta kalle ni tace ƙarfen da ke cikin gilas ɗinka ka gano, barka. Kashegari kuma na cika bututu da samfurin ruwa, na'ura ta ƙi saituwa sam, ashe ruwa shanye maikirowef yake yi kamar dai yadda yake yi a kicin, sai an saka shi a bututu siriri kamar tsinken tsintsiya. Ita ta koya min wannan, ita ta koya min in cire agogo da katin ATM kafin in matsa kusa da maganaɗisu, ita ta san ƙarar da injin sanyaya ruwa yake yi in yana shirin lalacewa. Farfesan da ke da lab ɗin sau nawa ma na gan shi a ɗakin. Duk takardar da ta fita daga gidan nan akwai hannun matar nan a ciki, kuma wannan shi ne abin da na dawo da shi gida fiye da duk wani lissafi.

Masu wannan fannin a duniya ba su da yawa in ka kwatanta da 'yan NMR, kusan kowa ya san kowa, kamar 'yan unguwa ɗaya. Ko sunan abin ma ba su gama shiryawa ba, wasu su ce ESR wasu su ce EPR, har ƙungiyarsu ta duniya da aka kafa a 1989 sai da ta ɗauki sunayen biyu duka don a zauna lafiya. Suna da mujallar labaransu, suna da kyautar da ake bayarwa da sunan Zavoisky a Kazan, akwai taron da ake yi a jihar Kolorado ta Amurka wanda Gareth Eaton da Sandra Eaton na jami'ar Denver suka daɗe suna ɗawainiyarsa, mata da miji ne kuma, ma'aurata sun shafe shekaru a kan binciken gwagware, Allah mai iko. Manhajar da kusan kowa ke fassara sakamako da ita, EasySpin, wadda Stefan Stoll ya rubuta, kyauta ce ka sauke abinka, illa dai a kan manhajar lissafi ta MATLAB take tafiya shi kuma na kuɗi ne, nan ɗin akwai ɗan ciwon kai. Abin da na lura da shi, ƙarancinsu ya sa suna marmarin baƙo, in ka aika wa mutum zanen da ka samu kace ka kasa ganewa sau da yawa zai amsa maka da bayani mai tsawo. Amma fa sai kana da zanen. Ba ka shiga hirar mahauta ba ka taɓa riƙe wuƙa ba, a wajen taronsu tambayar farko bayan gaisuwa ita ce me kake aunawa, a wace na'ura.

Wani zai ce to mu ina ruwanmu, muna fama da tsadar masara. Bari in taɓo kaɗan.

A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wakenmu saboda yawan maganin ƙwari na dichlorvos, dangin fiya-fiyar nan da ake zubawa a buhu don gudun ƙwaro. Ɗaya daga cikin hanyoyin da duniya ke bi maimakon guba ita ce haska hatsi da kayan yaji da hasken gama, kuma muna da cibiyar yin haka a Sheda kusa da Abuja, Ghana ma suna da tasu a Kwabenya. To shi wannan aikin sai da awo, in hasken ya yi kaɗan ƙwaro bai mutu ba in ya yi yawa an ɓata kaya, kuma cikin ma'aunan da aka fi yarda da su akwai wasu 'yan ƙwayoyi farare na sinadarin alanin da ake liƙawa a jikin kwali, haske ya ratsa su ya haifar da gwagware a ciki, a saka a ESR a ƙirga. A can Turai ma in kaya ya isa suna so su san ko an haska shi ba a rubuta ba, suna da ƙa'idojin gwaji na ESR, EN 1786 na abinci mai ƙashi da EN 1787 na mai ɓawo da kayan yaji. Mai fitar da citta daga Kachia ko barkono ko zoɓo daga Jigawa wannan maganar tasa ce ko bai taɓa jin sunan na'urar ba.

Sai haƙori. Farin ɓawon haƙorin mutum yana ajiye lissafin duk hasken nukiliyar da ya taɓa ratsa shi, gwagwaren da aka haifar a ciki suna maƙalewa ba sa gushewa. Da haka aka auna abin da ya samu mutanen Chernobyl bayan haɗarin 1986 da waɗanda suka tsira a Hiroshima da Nagasaki. A 2018 masana daga jami'ar Sao Paulo ta Brazil suka wallafa awon da suka yi wa ƙashin muƙamuƙin wani da bam ɗin Hiroshima ya kashe, suka samu gray 9.46 a ma'aunin hasken nukiliyar da jiki ya sha, alhali wajen 5 in ya game jiki ya isa kisa. Yanzu ka tuna 'yan'uwanmu na Arlit da Akokan a Nijar da aka fi shekara hamsin ana haƙar yuraniyam a gefensu, haƙorin da likita ya cire ya jefar a kwandon shara shaida ne da zai iya raba gardama ko ta wane ɓangare, a kwantar wa mutane da hankali ko a tabbatar musu da abin da suke zargi.

Wannan ajiyar ta haƙori ita ce kuma ake ƙirga shekarun abubuwan tarihi da ita, tun da Motoji Ikeya na Japan ya gwada a kan dutsen kogon Akiyoshi a 1975. Gwajin kabon da aka yi wa kwalekwalen Dufuna na Yobe aka ce ya kai wajen shekara 8,000 yana tsayawa ne a wajen shekara 50,000, abin da ya wuce nan sai irin su ESR, da ita aka taimaka wajen auna haƙoran da aka tono a kogon Rising Star na Afirka ta Kudu aka sa su tsakanin shekara 236,000 da 335,000. Ba muhawarar asalin ɗan Adam na zo tayarwa ba, kar a cika maka akwati da raddi, awon kawai nake nunawa. Ko maganin zazzaɓin cizon sauro da muke sha kullum, atemisinin, masu bincike sun yi amfani da ESR wajen kama radikal ɗin da yake haifarwa in ya haɗu da ƙarfen jini, wanda ake ganin da shi yake kashe ƙwayar cutar.

Yanzu ga inda nake tsoro. In wani babba ya karanta wannan ya ji daɗi, abin da zai biyo baya na san shi, a ba da kwangila a sayo mafi girma mafi tsada a yanka kintinkiri a ɗauki hoto. A wata makaranta da na taɓa aiki da idona na ga wata na'ura ta wani fannin daban, sabuwa dal, ta shekara huɗu a cikin akwatin katakonta a baranda saboda ƙofar lab ɗin ta yi mata kaɗan kuma ba a sayo injin sanyaya ta ba, ranar da aka buɗe ɓeraye sun gama da wayoyin, wanda aka tura horo a kanta kuma tuni ya yi ritaya. Babbar ESR nauyin maganaɗisunta kaɗai ya haura tan guda, tana son ruwan sanyi mai zagayawa, tana son wutar da ba ta rawa, wasu gwaje-gwajen ma sai da ruwan hiliyam wanda ko a Turai kuka suke da kuɗinsa. Wannan ba tamu ba ce yanzu, kuma ba kunya ba ce a faɗa.

Akwai ƙanana na kan tebur, girmansu bai wuce babbar firinta ba, a soket na bango ake jona su, ba sa buƙatar ruwa, sola da inbata mai kyau za su riƙe su. Gwajin zoɓo, man gyaɗa, ƙwayoyin alanin, kayan yajin da aka haska, duk za su yi. Roƙona ga TETFund da shugabannin jami'o'inmu shi ne a sayi irin wannan ko guda ɗaya ce a ajiye a wuri ɗaya a Arewa, a ce ta kowa ce, ɗalibi daga Sakkwato ko Maiduguri ko Maraɗi ya yi bukin ta intanet ya aiko da samfurinsa ta mota ya biya ɗan abin da zai sayi bututu, kada ta zama kayan ɗakin wani farfesa da makulli a aljihunsa in ya tafi sabatikal an rufe kenan. Kuma kafin a sayi na'urar a fara ɗaukar teknishiyan, matashi, a tura shi wata shida wurin masu abin ya koyo, a ba shi albashin da zai hana shi neman canjin aiki, a riƙa sa sunansa a takardun da aka wallafa. A jami'o'inmu ana yi wa ma'aikacin lab kallon ɗan aike, wanda zai wanke kwalabe ya kawo makulli, wannan rainin shi ya kashe na'urori da yawa fiye da rashin wuta. Kuɗin gyara da na bututu kuma a rubuta su cikin kasafin tun ranar farko.

Ita ɗalibar tawa dai lokaci ya ƙure mata, ga kuɗin makaranta na wata shekarar yana jiranta in ta ƙara jinkiri, dole na ce ta bar jan zoɓo ta koma kan farin, wanda launinsa ba zai dame mu ba, ta canza taken aikin. Ta kare aikinta lafiya an ba ta maki mai kyau. Kwalaben jan suna nan a firjin lab da sunanta a jiki, na hana a zubar, duk da na san in aka ci gaba da ɗauke wuta haka ba za su kai ƙarshen zangon nan ba.

Na gode da fili Malam Edita, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naku,
Wani malamin kemistiri, daga Kano